Fatake Sun Fi Mu Tafiya, To Ta Yaya Suka Riƙe Abokansu?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau da wani abin kunya da ya same ni zan fara. Watannin baya mahaifin wani aminina ya rasu. Abokin nan tun muna aji ɗaya a sakandare muke tare, mahaifinsa kuwa ya sha ba ni kuɗin mota, ya sha yi mini faɗa kamar shi ya haife ni. Ranar da ya rasu ina wani otal a wata jiha, muna taron bita na kwana uku da ofishinmu ya tura ni. Na ga sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp, na rubuta addu'a, na kira bai ɗauka ba, na koma zauren taro. Daga can aka ce in wuce Abuja in haɗa rahoto. Sai ranar kwana tara na isa gidan, an riga an naɗe tabarmi. Da na fara kame-kame, sai ya ce, "Haba mutumina, ai mun san kana da aiki." Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ashe har an kai matsayin da ba a sa ran ganina.

A hanyar komawa na yi ta ba kaina uzuri, ina cewa zamani ne, mutanen da ba su san wannan yawon neman abinci ba. Daga baya na gane ƙarya nake yi wa kaina. Kakanninmu sun fi mu tafiya nesa ba kusa ba. Shi ya sa na koma na karanta tarihin fatake, musamman 'yan hanyar Gwanja, ina neman amsar tambaya ɗaya: mutumin da ke barin gida wata shida, wani lokaci shekara guda, ta yaya yake dawowa ya tarar yana da abokai?

Bari mu fara da ita kanta tafiyar. A ƙarni na 19, goron da ake ci a ƙasar Hausa mafi yawansa daga dazukan Asante yake fitowa, a ƙasar Gana ta yau. Babbar kasuwarsa ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko wasu garuruwan daular Sakkwato bayan an gama girbi, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salaga. Ana tafiya da kanwa, da tufafin saƙi da rini, da kayan fata, da busasshiyar albasa, a dawo da goro a bayan jakuna da kawunan mutane. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya rubuta cewa mutanen ciki, maza da mata, sun haura dubu, dabbobinsu ma kusan haka. Wani masanin tarihi, Paul Lovejoy, ya yi littafi guda a kan wannan fatauci a 1980, kuma ya nuna cewa a Kano rukuni uku ne suka fi riƙe shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi da addu'a, wanda ake tuntuɓa kafin a sa ranar tashi. Idan kun lura, ai ofis ne guda yake tafiya a ƙasa: ga oga, ga mai tsara tafiya, ga sakatare. Kuma aikin ba ya ƙarewa, domin goro kaya ne mai shagwaɓa. Dole a riƙa kwance huhu a hanya, a yayyafa ruwa, a tsince wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi sauran. Wanda ya yi sakaci sai ya iso Kano da asara.

To a nan ne na ga abin da ya bambanta su da mu. Mu yau rayuwarmu kashi uku ce: ga ofis, ga tafiyar aiki, ga abokai, kowanne yana jan rigarmu. Su kuwa ba su raba ba. Wanda kake tafiya da shi ɗan unguwarku ne, ko ɗan'uwanka, ko wanda kuka yi karatun allo tare. Wata biyu ko uku kuna kwana a zango ɗaya, kuna cin tuwo a ƙwarya ɗaya, kuna tsoron 'yan fashi ɗaya. Idan zazzaɓi ya kayar da kai, shi zai kula da jakunanka. Idan ka mutu a hanya, shi zai binne ka, ya kawo wa iyalinka dukiyarka da labarin inda kabarinka yake. Ba sai an ware ranar Asabar an ce yau ta abokai ce ba.

Sai kuma maganar masauki. Bafatake ba ya sauka a inda ba a san shi ba. A kowane babban gari akwai mai gida, wato fatoma, wanda zai ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan ciniki na bashi ne. Shi kuma yana samun la'adarsa. Wannan hulɗa takan daɗe har ta zama gado, ɗanka ya sauka a gidan ɗan mai gidanka. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin da ake kira zango suka tsiro, shi ya sa har gobe idan ka je Kumasi ko Ankara za ka ji ana cewa Zongo, kuma za ka ji Hausa raɗau. Tsarin bai mutu da zuwan Turawa ba. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda dillalan shanu daga Arewa ke sayar wa mahauta Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu, sai dai amincin mai gida. Idan mahauci ya ci amana, labari zai zaga, ba mai ƙara ba shi ko ɗan maraƙi.

Ni abin da na fahimta shi ne, a wancan zamani aboki jari ne. Kada ku ɗauka ina rage darajar abota, a'a. Ina nufin wanda ya yi wasa da zumunci, kasuwarsa ce za ta fara mutuwa. Zuwa gaisuwar mutuwa, zuwa suna, aika tsaraba, duk suna cikin aiki. Ba wanda zai ce maka "bari sai ka gama aiki ka je ta'aziyya", domin zuwa ta'aziyyar ma aiki ne.

Kuma suna rubuta wa juna wasiƙa fa. Akwai malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Salaga ko na Karaci. An haife shi a Kano a 1858, mahaifinsa ɗan kasuwa ne, shi ma ya yi yawo tsakanin karatu da fatauci, ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Tun yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka ya rubuta ɗan littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ku yi tunani: saurayi sa'an ƙannenmu ya ga cewa mutanensa na buƙatar sanin yadda za su gaisa da na nesa, su yi maganar bashi da amana a rubuce. Wasiƙar takan yi watanni a hanya, a hannun wani bafatake, kuma wanda ya kawo ta zai zauna ya ba da labari da baki, ya ce na gan shi, ya yi ƙiba, ya ƙara aure. Mu saƙonmu na isa cikin daƙiƙa, amma ba ya zuwa da mutum.

Wani abin da ya taimake su shi ne tafiyarsu tana da lokaci. Rani na hanya ne, damina ta gida ce, domin idan ruwa ya sauka koguna sun cika, hanya ta yi caɓi, jaki ba ya iya tafiya. Saboda haka kowa ya san lokacin da ake sa ran ayari. Idan mutum ya dawo, ya dawo ke nan na watanni: zai yi noma, ya zauna a zaure, ya bi gidajen da aka yi rasuwa ba ya nan ɗaya bayan ɗaya, ya raba tsaraba. Abin dariya ma, kayan da ya sha wahalar ɗaukowa shi ne kayan zumuncin kansa. Da goro ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake sallamar baƙo.

Amma kada in yi muku daɗin baki, in sa ku ɗauka zamanin aljanna ne. Wani ne ya biya kuɗin wannan tsari. Da yawa daga masu ɗaukar kaya a ka bayi ne, ba wanda ya tambaye su ko suna kewar abokansu. Salaga kanta babbar kasuwar bayi ce, ba ta goro kaɗai ba. Matan da aka bari a gida su ke riƙe yara wata da watanni, wani mijin ma ya yi wani auren a zango bai dawo ba har abada. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya aka buga a 1954, za ku ga yadda mata suka gina nasu tsarin na ƙawance, da musayar kyauta da biki, wanda da shi suke tallafar juna. Ina ganin wannan ƙawance ya riƙe gidaje da yawa da tarihin fatake bai cika ambata ba.

Ku ɗauki Alhassan Ɗantata ma. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta bar shi a hannun wata baiwa mai suna Tata. Daga sunanta ne aka samo Ɗantata. Wato sunan gidan da ya fi kowane shahara a kasuwancin Kano, asalinsa sunan matar da ta zauna ne lokacin da wasu suka tafi. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Rayuwar Ɗantata kuma ita ce gadar da ta haɗa wancan zamani da namu. Ya taso hanyar Gwanja tana rugujewa. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan Salaga ya ragu, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watse zuwa wasu garuruwa. Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Gyaɗa ta zama sarauniya, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, shi kuma ya zama babban mai saya musu. An ruwaito cewa ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma ashirin ya ajiye a bankin Turawa a Kano. Ya rasu a 1955.

Ku dubi wannan hoto da kyau: raƙuma a ƙofar banki. Dukiyar da a da sai a hannun amini ake barin ta, yanzu ta koma hannun ma'aikacin da bai san sunan kakanka ba, ya ba ka takarda. Ba na cewa banki sharri ne, ni ma ta waya nake tura kuɗi. Amma daga ranar da takarda ta iya yin aikin da aminci ke yi, aboki ya fara fita daga cikin sana'a, ya koma abin da ake nema idan an sami sarari.

Tare da jirgin ƙasa kuma ofis ya zo. Turawa na buƙatar masu rubutu, tun ana ɗauko su daga kudu da Saliyo da Gana, har aka fara horar da 'yan ƙasa. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano ta fara a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Kalmar akawu ma aro ce daga Yarabanci, abin da ke nuna muku ta inda aikin ya shigo mana. Akawu sabon irin mutum ne a ƙasar Hausa. Bafatake yana sayar da kaya, shi kuwa akawu lokacinsa yake sayarwa. Da can ana auna yini da hantsi da azahar da la'asar, yanzu sai ƙarfe kaza, ga rajistar sa hannu. Sannan ga canjin wurin aiki: takarda ɗaya za ta ɗauke ka daga garinku ta jefa ka inda ba ka da kowa, ba ayari, ba mai gida, sai gidan gwamnati.

Duk da haka mutanenmu ba su miƙa wuya nan take ba. Wani kawuna da ya yi aikin gwamnati a Kaduna shekaru da yawa yakan ce, a zamaninsu ana tashi daga aiki da sauran rana, mutum ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, bayan la'asar kowa ya nufi majalisarsa. Majalisar nan ta ƙofar gida, da benci da tabarma da mai shayi a gefe, ita ce zauren da ya rage mana. A nan ake sanin wa ba shi da lafiya, wa ke neman aiki, wa za a haɗa wa gudummawa. Kuma idan aka tura ma'aikaci wani gari, da wuya ya kwana a gidan saukar baƙi idan yana da abokin makaranta a can. Zai sauka a gidansa ne, a yanka masa kaza.

Namu zamanin ya zo da wani salo. Tun da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a Disambar 1991, dubban 'yan Arewa suka zama mutanen gari biyu: jiki a Abuja, iyali a Kano ko Zariya ko Katsina. Ranar Juma'a a kama hanya, Lahadi da yamma a juyo. Da garkuwa da mutane ta addabi hanyar Kaduna sai aka koma jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022. Kun ga ko tsoron hanyar da fatake suka sani bai bar mu ba. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari kuwa Dubai da Sin suka zama Gwanjarsu.

Bambancin shi ne, tafiyarmu gajera ce amma ba ta da damina. Bafatake yana tafiya sau ɗaya ya daɗe, ya dawo ya daɗe. Ni ina tafiya sau uku a wata, kwana bibbiyu, kuma ban taɓa dawowa gaba ɗaya ba, domin ofis yana cikin aljihuna. Ina zaune a majalisa oga zai turo saƙo ƙarfe tara na dare. Kuma ku duba yadda muke sauka a gari. Mota ta ɗauko ka daga tasha ko filin jirgi, ta kai ka otal, ka yi kwana uku a zaure mai sanyi kana maganar matsalolin al'umma, ka karɓi alawus, ka koma. Na je garuruwa fiye da goma a haka, kuma a kusan kowanne akwai wanda muka yi jami'a ko hidimar ƙasa tare, ban neme shi ba. Mu da muke kiran kanmu masu fafutukar al'umma ke nan fa.

Ba zan ɗora wa ɗaiɗaikunmu laifin duka ba. Wanda ya sha wahalar neman aiki shekara uku ba zai iya kallon oga ya ce ba zan je ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, mafi ƙarancin hutun shekara da ta tanadar wa ma'aikaci kwana shida ne na aiki bayan wata goma sha biyu, kuma da yawa a kamfanoni masu zaman kansu ko shi ba sa samu cikakke. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, mutane suka yi ta muhawara a kan makarantu da asibitoci, amma ban ji an tsaya an yi maganar abin da mutum zai yi da ranar da ya samu ba. A ganina wannan magana ce da ya kamata matasa mu riƙa ɗagawa kamar yadda muke ɗaga ta albashi. Ranar zuwa jana'iza bai kamata ta zama alfarmar da ake roƙo ba. Sai dai kuma, gaskiya, ranar da mahaifin abokina ya rasu ban ma roƙa ba. Na ƙaddara za a hana ni, na hana kaina.

A tafiyata ta ƙarshe na gwada abin fatake. Kafin in tashi na kira wani da muka yi hidimar ƙasa tare, na ce ina zuwa garinku kuma a gidanka zan sauka. Ya yi shiru, ya ce, "Kai, da gaske?" Na kwana biyu a ɗakin ƙaninsa, fanka ba wuta, sauro ya yi bikinsa. Mun yi hira har ƙarfe biyu, a nan na ji cewa shekara guda ke nan ba shi da aiki, alhali kullum ina ganin hotunansa yana murmushi. Da na koma ofis, mai kula da kuɗi ya ce ina rasit ɗin otal. Na ce a gidan aboki na kwana. Ya duba fom ɗinsa sama da ƙasa, ya ce babu gurbin wannan.

Shi kuwa aminina, na koma ranar sadakar arba'in, na ɗauki hutun kwana biyu ban gaya wa kowa dalili ba. Na tsaya a kasuwa na sayi goro, ban ma san farashinsa ba sai da mai goron ya yi mini dariya. Da na shiga gaida mahaifiyarsa na ajiye a gabanta, ta kwance ledar ta duba, ta ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka wannan? Ai Malam ne mai ci, ni haƙorana sun daina." Ta kira jikarta ta ce a kai wa mutanen zaure. Ni da shi muka fita muka zauna a kan benci har aka kira magariba, wayata tana ta ruri a aljihu.